Ranar Da Baba Takwas Ya Haifi Makaranta Guda

Ranar Litinin, sha ɗaya ga wata, da ƙarfe goma da minti ashirin da biyar na safe, gardama ta ɓarke a wani ƙaramin kamfanin haɗa manhaja da ke saman kantin sayar da tayoyi, a kan abin da tsawonsa bai kai ƙafar sauro ba.

Kamfanin na 'yar farin Baba Takwas ne, wadda ma'aikatanta uku suke kira Manaja. Aikin da ke gabansu manhaja ce ta makarantar firamaren unguwa, wadda uba ko uwa za su buɗe a waya su ga sakamakon yaransu, da ranakun da suka makara, da saƙon malamai. Da Turanci manhajar take magana, shi kuwa Turanci idan zai nuna abu na wane ne, sai ya rataya wata 'yar alama kamar waƙafi a saman ƙarshen suna, ya bi bayanta da harafin s. Matsalar ita ce, akwai iyayen da sunansu ya riga ya ƙare da s tun suna cikin zanen goyo. Ɗaya ya rubuto cewa an mayar masa da suna kamar hucin maciji. Aka cire s na biyun. Washegari wani ya rubuto yana neman wanda ya sace masa harafi.

Ya kamata a san ko wane ne Baba Takwas. Shekara talatin da biyar ya yi yana babban akawu, kuma a duk tsawon lokacin ba a taɓa ganinsa a bakin ofis da ƙarfe takwas da minti ɗaya ba, ba a kuma taɓa ganinsa saura minti ɗaya ba. Da shi masu gadi suke saita agogo. Daga nan sunan ya samo asali, ya danne na yanka, har ya sa aka sassaƙa masa hatimi da shi. Da ya yi ritaya sai ya juya ilminsa kan gida. Ya buɗe rajistar baƙi a ƙofar falo, ya manna wa tukwane lamba, ya nemi matarsa ta riƙa sanar da shi a rubuce kafin ta sauya wa kujera wuri. Wata uku Mama ta jure, sannan ta samu 'yarta ta ce ko a nema wa tsohon nan ofis, ko ita a nema mata.

Manaja ta ba shi tebur a bakin taga, da jan biro, da muƙamin Mai Duba Rubutu. Ana buga masa kalmomin manhaja a takarda, ya yi musu jajayen layuka. Sharaɗi ɗaya ta gindaya a gaban kowa: duk ranar da yatsansa ya taɓa kwamfuta, ranar teburin zai bar bakin taga, shi kuma ya koma wurin tukwane. Teburin nan kuwa Baba Takwas yana sonsa fiye da yadda zai yarda ya faɗa. Kowace safiya da hannunsa yake goge shi.

A ranar gardamar, ya miƙe tsaye ya yi bayani na minti arba'in. Ya ce takarda dubu tamanin ta bi ta ƙarƙashin birinsa, ba a taɓa dawo da ko ɗaya ba. Ya ce doka a bayyane take: sunan da ya ƙare da s, alama kawai ake rataya masa a kyale shi. Ya ƙara da cewa shi kansa ganau ne, tunda nasa sunan a sahun yake.

Injiniya, babban mai haɗa manhajar, mutum ne mai tumbi da ƙarancin magana. Ya ce a bar komai yadda yake sai bayan Alhamis, ranar da za a gabatar da aikin a gaban iyaye a ɗakin taron makaranta, domin ba a taɓa inji ana gobe tafiya.

"A zamaninmu," in ji Baba Takwas, "akawun da ya kwana da kuskure a kan teburinsa, da takardar gargaɗi yake karya kumallo."

"A zamaninku, Baba, in mutum ya yi kuskure mutum ɗaya yake gani."

Baba Takwas bai fahimci inda maganar ta dosa ba, don haka ya rubuta ta a littafin aljihunsa a ƙarƙashin rashin ladabi. A shafin da ke kusa kuwa, a ƙarƙashin sakaci, akwai wani abu da ya rubuta tun makon jiya: cewa Injiniya yana manna kalmar sirrinsa a bayan kalanda. Domin cika ƙa'ida, ya kwafi kalmar ita ma.

Kwana uku yana ƙulla shiri. Zai gyara komai a asirce, a gabatar da aikin tsaf, sa'an nan idan shugabar makaranta ta yaba, ya miƙe a hankali ya gyara zaman hula, ya bar jama'a su gane da kansu. Har ya tanadi karin maganar da zai rufe da ita, ta abin da babba ya hango.

Ranar Alhamis da ƙarfe takwas daidai ya buɗe ofis. Ba kowa, duk suna makaranta suna fama da majigi da wayoyin lasifika. Ya zauna a kujerar Injiniya, ya ɗan yi tsaki saboda laushinta, ya shigar da kalmar sirri da yatsa ɗaya. Ya sha leƙen Injiniya ta bayan kafaɗa, saboda haka bai wahala ba wajen gano fayil ɗin da kalmomin manhaja suke.

Abin da ya gani ya sa ya cire tabarau ya goge. Layi sittin da uku, kuma a kowanne, inda ya kamata suna ya zauna, babu suna. Wasu baka ne guda biyu masu lanƙwasa, da 'yar kalma a tsakiyarsu. Bai san cewa wannan gurbi ne da na'ura take cikewa da sunan duk wanda ya buɗe wayarsa ba. Abin da ya sani shi ne dokar da aka koya masa tun yana ƙaramin akawu: fom ba ya fita wurin jama'a sai da samfur, kuma samfur da sunan jami'in da ya duba ake cike shi, domin a san wanda ya ɗauki alhaki.

"Yaran zamani," ya faɗa wa kalanda. "Ko sunansu ba sa iya sawa a aikinsu."

Ya share bakan ɗaya bayan ɗaya, ya sa nasa sunan, ya rataya alamar a inda ya dace. Layi sittin da uku, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya gama sai ya nemi wurin buga hatimi. Ya ga wani koren madanni a kusurwa, na'ura ta tambaye shi ko ya tabbata. Wannan tambaya ta ɓata masa rai ƙwarai, domin tun da yake ba a taɓa yi masa ita ba. Ya danna da ƙarfi. Ya rubuta a littafi: takwas da minti hamsin.

Ya kulle ofis ya nufi gida domin ya sauya tufafi. A bakin layi mai shago ya leƙo ta tagar shagonsa yana yi masa barka da arziki, ya ce ashe tsufa a fuska kawai yake. Baba Takwas ya ɗaga hannu da ƙasaita, yana mamakin yadda labarin aikin kirki yake saurin yaɗuwa. Mata biyu da ke jiran mota suka dube shi, suka dubi wayoyinsu, suka rufe baki da gefen mayafi. Wanzami ya bar kan mutum rabi a aske ya fito ya miƙa masa hannu biyu, ya tambaye shi me yake ci.

A ƙofar gida ya tarar da maƙwabcinsa tela, da tef ɗin awo a wuya, yana riƙe da waya nesa da jikinsa kamar ta yi wari.

"Baba, karanta mini nan. Turancina ba ya nisa."

A saman fuskar wayar an rubuta cewa waɗannan 'ya'yan Baba Takwas ne. A ƙasa ga hotunan yaran tela uku, kowanne da kunnuwan ubansa. Baba Takwas ya duba da kyau, ya ga alamar tana rataye daidai inda ya sa ta, ya ji daɗi ya ratsa shi kafin sauran maganar ta iso.

Ya ce wa tela samfur ne kawai. Tela ya ce shi bai san samfur ba sai na ɗinki, kuma shekara goma sha ɗaya yana ciyar da yaran nan bai ga wanda ya kawo gudummawa ba, to in mai su ya bayyana, ƙaramin yana fitsarin kwance, babban kuma ba ya jin magana, da yamma za a kawo su da kayansu.

Cikin gida Mama tana zaune a falo da matar tela da matar direba da wata da bai ma sani ba, babu wadda ta sa hannu a rajista. Mama ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta ji an yi ƙaruwa, tana so ta san adadin, domin tukwanen da ya sa wa lamba guda tara ne kacal.

"Kuskure ne na na'ura," in ji shi.

"Na'urar ce ta san sunanka?"

"Maganar ofis ba ta shigowa gida."

"To ai ga ta ta shigo, har ta sha ruwa."

Nan ne zufa ta fara tsatso masa, ba don matan ba, sai don ya hango a zuciyarsa teburinsa ana sauko da shi ta matakala. Ya duba agogo: goma saura kwata. Taro sai sha ɗaya. Manaja da Injiniya wayoyinsu suna cikin jaka a bayan dandamali, ya san halinsu idan aiki ya kama su. Akwai sauran lokaci. Ya koma ofis da saurin da unguwa ba ta taɓa ganin ya yi ba, babbar riga a hannu ɗaya.

Wani mutum daban da sai ya yi ƙoƙarin mayar da bakan nan yadda ya same su, ko ya kira Injiniya ya faɗi gaskiya. Amma Baba Takwas ya tashi a tsarin da ba a goge abin da ya riga ya shiga fayil. Gogewa aikin marasa gaskiya ne. Idan sanarwa ta fita da kuskure, sanarwar gyara ake bin ta da ita, ta ambaci ta farko, ta warware ta. Don haka ya bi layukan nan sittin da uku, ya ƙara wa kowanne bayani da Turancinsa na ofis mai sitaci. Ya danna koren madannin, na'ura ta sake tambayarsa ko ya tabbata, ya ce mata ta kiyaye shi. Ya rubuta: goma da minti ashirin da biyar, an warware.

Abin da ya bayyana a wayoyin iyaye a wannan minti, ma'anarsa ita ce: ana sanar da jama'a cewa, saɓanin bayanin da ya gabata, waɗannan yara ba 'ya'yan Baba Takwas ba ne.

Garin neman gira aka rasa ido. Sanarwar farko dariya ta jawo, domin kowa ya san shirme ne. Ta biyu kuwa tunani ta jawo. Iyayen da ba su buɗe waya da safe ba, da ita suka fara cin karo, suka shiga tambayar kansu dalilin da zai sa makaranta ta ga ya wajaba ta wanke wani tsoho daga yaransu, da kuma wanda ya fara zarginsa.

A ƙofar makaranta direba ya tare shi, ƙato mai jajayen idanu, ya ce yana so ya ji wa ya ce yaransa na Baba Takwas ne tun farko da har ake ƙaryatawa. Baba Takwas ya ce ai shi ya sa aka warware. Direba ya ce ba a warware abin da ba a ƙulla ba. Kafin ya amsa sai ga surukarsa, matar ɗansa na biyu, tana hawaye, tana cewa in laifi suka yi a faɗa musu a gida, ba sai an tsame jikokinsa daga zuri'a a waya ba. Ya ce mata jika daban ɗa daban, a rubuce ma haka yake. Kukan ya ƙaru.

Ya samu ya kutsa ɗakin taro ya zauna a sahun gaba, a kujerar da ya sa aka ajiye masa tun jiya. Ɗakin ya cika maƙil, har da iyayen da tun da aka buɗe makarantar ba su taɓa halartar taro ba. Shugabar makaranta, doguwar mace mai tabarau a kan hanci, ta leƙo ta ce wa Manaja ba ta taɓa ganin iyaye sun damu da ilmi haka ba. Manaja ta yi murmushi. Ita ma wayarta a ofis ta bar ta, shugabar.

Ƙarfe sha ɗaya aka kunna majigi. Manaja ta ce za a fara da shafin ita shugabar, domin girmamawa. Injiniya ya danna. Farin bango ya haska da haruffa masu tsawon hannu, yana sanar da cewa, saɓanin bayanin da ya gabata, wannan ofis ba na Baba Takwas ba ne. Injiniya ya yi sauri ya wuce zuwa shafin malamai. Aji huɗu ba na Baba Takwas ba ne. Ya wuce. Motar makaranta ba ta Baba Takwas ba ce. Ya wuce zuwa shafin malamar jinya, wadda take da tsohon ciki tana zaune a gefe, inda aka tanadi layin hutun haihuwa. Injiniya ya kai hannu zai rufe, amma ɗakin ya riga ya karanta.

Dariyar da aka yi, sai da masu tayoyi a can bakin titi suka ji. Malamar jinya ta ce alhamdu lillahi, hankalinta ya kwanta. Wanzami ya zame daga benci. Direba kansa, da ya ga har mota an wanke, sai ya sauko ya soma bubbuga cinya.

Manaja ba ta yi dariya ba. Ta dubi sahun gaba, ta ce a hankali, amma lasifika a kunne take: "Baba, ka taɓa."

Baba Takwas ya miƙe, ya gyara zaman hula kamar yadda ya tsara, ko da yake ba a irin wannan yanayi ya tsara ba. Ya roƙi jama'a su kawar da kai daga ƙananan abubuwa su dubi asalin magana. Ya ɗauki sandar nuni ya je bango, ya nuna 'yar alamar da ke rataye a ƙarshen sunansa, ya ce duk wanda ya ga ta kauce ko da faɗin gashi ya ɗaga hannu.

Tela ya ɗaga. Ya ce shi ba ruwansa da alama, yana so ne a tabbatar masa a gaban shaidu, da yamma ya kawo yaran ko ya bar su.

"An warware wannan da ƙarfe goma da minti ashirin da biyar."

"To ni ban amince da warwarar ba, Baba. Ta farkon ta fi mini."

Shugaba ta tambayi Injiniya kwana nawa gyaran zai ɗauka. Injiniya ya ce a ba shi izinin zama. Ya zauna, ya danna abu uku, ya tashi. Kowane yaro ya koma wurin ubansa. Baba Takwas, wanda ya duba agogo saboda sabo, ya ga daƙiƙa arba'in ce, ya ji abin ya fi dariyar zafi.

Daga baya cikin taron sai mutumin nan mai hucin maciji ya tashi ya tambayi matsayin harafinsa, mai neman wanda ya sace masa nasa shi ma ya tashi. Injiniya ya ce ya yi tunani tun ranar Litinin: daga yau za a rubuta kalmar yara a sama, sunan uba a ƙasa, babu alama, babu s, babu mai ƙara, babu mai rashi. Su biyun suka dubi juna suka zauna. Shugaba ta ce makaranta za ta ci gaba da aiki da manhajar, tunda ta yi abin da wasiƙa goma ba ta yi ba, ta tara iyaye a ɗaki ɗaya. Da ta ji inda Baba Takwas ya samo kalmar sirri, ta ce sharaɗinta kawai a sauya wa kalanda wuri.

Da la'asar masu tayoyi biyu suka sauko da teburin ta matakala. Baba Takwas ya bi su a baya yana gargaɗinsu kan kusurwoyi, jan biro a aljihu. Manaja ta rako shi har ƙasa, ta ce ba don ta so ba, amma shi ya koya mata cewa doka ba ta san uba ba. Ya ce haka ne, sashe na farko ma kuwa.

Mama ta sa aka ajiye teburin a bakin tagar falo. Ta ce ba ta hana shi ofis ba, amma rajistar baƙi ta rufe, kuma tukwane sun yi ritaya. Ta kawo masa ruwa, ta tambaye shi ko yanzu zai faɗa mata adadin, don in an tambaye ta a unguwa kada ta ji kunya.

Ya goge teburin da hannunsa, ya zauna, ya buɗe littafi, ya nemi jerin ɗaliban da aka taɓa buga masa ya duba, ya bi shi aji aji da bakin biro, sau biyu. Sa'an nan ya ja layi da rula, ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa mai kwanciya dama:

Alhamis, sha huɗu ga wata. An karɓa da ƙarfe takwas da minti hamsin: yara ɗari shida da goma sha bakwai, azuzuwa goma sha takwas, ofis ɗaya, mota ɗaya, ciki ɗaya. An mayar wa masu su duka. Alamun da aka rataya: sittin da uku. Waɗanda suka kauce: babu.